Taɓin Hankali Ciwo Ne, a Kai Shi Asibiti

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai saurayi Musulmi, ka duba ƙauyenku da kyau. Da wuya ka rasa magidanci guda wanda a da shi ne ke fara isa gona, yanzu kuwa ya daina fita. Ba ya barci, ba ya cin abinci, ya ƙaurace wa majalisa. Wani kuma yana ta magana shi kaɗai, wani ya ce ana binsa za a kashe shi. Waɗannan fa ba tsofaffi ba ne, majiya ƙarfi ne masu ciyar da gida. In ɗaya ya kwanta, mutum goma sun shiga yunwa.

To me muke cewa? Sai a ce sammu ne, ko kurciya aka yi masa, ko iska ce ta taɓa shi. Nan da nan a sayar da akuya a nufi gidan boka ko ɗan bori. A yanka baƙin zakara, a yi girka, a ɗora wa kishiyar uwa laifi, zumunci ya lalace. Subhanallahi! An je neman lafiya an dawo da shirka. Ya tabbata a cikin Sahihu Muslim cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Ga asarar dukiya, ga asarar salla, maras lafiya kuwa yana nan yadda yake.

Mun yi imani akwai aljanu, akwai sihiri, Alƙur'ani ya faɗa. Amma wa ya ba ka ilmin gaibu har ka yanke cewa wannan aljani ne? Ƙwaƙwalwa gaɓa ce kamar hanta da ƙoda, tana kamuwa da ciwo. Akwai na gado, akwai wanda bashi da asarar amfanin gona ke tayarwa, akwai na firgita ga wanda 'yan bindiga suka kashe masa ɗan'uwa a gabansa. Mace ma takan gamu da shi bayan haihuwa, ka lura da matarka. Kada ka ce baƙin ciki raunin imani ne. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, kuma Annabin Allah ne.

Sai wanda mu muke jawo wa kanmu. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha ƙwaya ko makamancinta a cikin shekara guda. Kai da ke haɗiyar tiramol wai don ka yi noman mutum biyu, ko ka sha wiwi wai don ka manta da damuwa, wallahi hankalinka kake sayarwa da araha. Duk abin da ke gusar da hankali haramun ne, ko a kantin magani aka saye shi.

Abin da ya fi ciwo shi ne mari da turu. A ɗaure bawan Allah a jikin itace, a yi ta dukansa wai ana dukan aljani. A 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Wace aya ce ta ce a yi haka? Shari'a ta ɗauke alƙalami daga kan wanda hankalinsa ya gushe har ya warke. Allah bai kama shi da laifi ba, sai kai ne za ka kama shi? Magabata ba haka suka yi ba. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 har da sashen masu taɓin hankali a cikinsa.

To ga abin yi. Ka karanta masa Fatiha da Falaƙi da Nasi, ka yi masa addu'a, wannan Sunna ce, ba sai an biya kowa ba. Sa'an nan ka ɗauke shi zuwa asibiti, domin Manzon Allah (S.A.W.) ya yi umurni da neman magani. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano. In sun yi nisa, fara da asibitin da ke kusa, su tura ku. Maganin yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma kada a daina shansa don an ga sauƙi sai likita ya ce. In ka ji yana cewa ya gaji da duniya, kada ka ɗauka wasa ne. Ka ɓoye maganin ƙwari da igiya da wuƙa, kada a bar shi shi kaɗai, a tafi da shi a ranar. Ku samarin masallaci ku haɗa kuɗin mota, ku kuma yi masa gayya a gonarsa kafin ciyawa ta cinye ta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.