Malami Tsakanin Fili da Gida: Darasi Daga Rayuwar Eric Liddell

Karatu: Markus 6:30-34, 7:9-13

Malamin makaranta da aka ɗora wa nauyin horar da yara wasanni mutum ne da ake kira daga wurare da yawa a lokaci ɗaya. Aji yana jiransa da safe, fili yana jiransa da yamma, ran Asabar kuma akwai tafiya zuwa gasa a wani gari. A gida matarsa da 'ya'yansa suna zuba ido a ƙofa, a ƙauye kuma iyayensa suna ƙirga watannin da suka yi rabonsu da shi. Kowannensu yana da hakki a kansa, shi kuwa jiki ɗaya gare shi. To, wa zai sa a gaba?

Rayuwar Eric Liddell tana da abin koyarwa a kan wannan. An haife shi a 1902 a birnin Tiyanjin na ƙasar Sin, inda iyayensa, mutanen Skotland, suke aikin bishara. A wasannin Olamfik na 1924 a Faris, ya ƙi shiga tseren mita 100 domin zagayen farko ya faɗo ran Lahadi, sai ya shiga na mita 400, ya ci lambar zinariya cikin daƙiƙa 47.6. A 1925 ya bar wannan ɗaukaka ya koma Tiyanjin, yana koyar da kimiyya a wata kwalejin mishan, yana kuma horar da ɗalibai wasanni. Ya yi aure a 1934. Daga baya aka tura shi aikin bishara a karkara, inda yake zagaya ƙauyuka a kan keke cikin yaƙin Sin da Japan, iyalinsa suna birni, sai lokaci-lokaci yake zuwa ganinsu. Da haɗari ya ƙaru a 1941, ya aika da matarsa, tana da juna biyu, tare da 'ya'yansu mata biyu zuwa Kanada. A 1943 sojojin Japan suka tsare shi a sansanin Weihsien, a can ya rasu ran 21 ga Fabrairu, 1945, saboda ƙari a ƙwaƙwalwa. Bai taɓa ganin 'yarsa ta uku ba.

Da farko, yaro ya fi kofi daraja. A sansanin nan Liddell ya koyar da yaran da aka raba da iyayensu, ya shirya musu wasanni, har suna kiransa Kawu Eric. Da fari ya ƙi yin alƙalancin wasa ran Lahadi. Amma da yaran suka yi wasan hoki ba tare da babba a kansu ba, wasan ya ƙare da faɗa, sai ya fito ya yi musu alƙalanci. Mutumin da bai yarda ya taɓa ranar Ubangiji domin sunansa ba, ya ba da hutunsa na wannan rana domin salamar yara. Haka Ubangiji Yesu ya yi a Markus sura 6: ya nufi wurin hutu, amma da ya ga taron jama'a ba su da mai kiwonsu, tausayi ya kama shi, ya tsaya ya koya musu. Mai horarwa da yake zagin yaro don ya ɓarar da ƙwallo, ko yake rage shekarun ɗan wasa a takarda don makaranta ta ci kofi, ya manta abin da ya kai shi fili.

Na biyu, hidima ba hujja ba ce ta guje wa gida. Yaƙi ne ya raba Liddell da iyalinsa, don ya tsirar da ransu ya sallame su, kuma daga cikin sansani bai daina aika musu da gajerun saƙonni ta hannun Red Cross ba. Malamin yau yana da waya a aljihu, mota kuma tana tasha. Idan ya sami kuɗin mota zuwa kowace gasa amma ya rasa na zuwa gaida mahaifiyarsa, ba kiran Allah ne ya hana shi ba, yabon mutane ne. A Markus sura 7 Yesu ya tsawata wa waɗanda suke fakewa da baiko ga Allah su hana iyayensu abin da ya wajaba. Shi kansa, yana kan gicciye, sai da ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirinsa. Zumunci a ƙafa yake, kuma 'ya'yan malami su ma suna bukatar uba, ba labarin kirkinsa daga bakin 'ya'yan wasu ba.

Na uku, ikilisiya tana da laifinta. Da zarar an ga mutum mai himma, sai a ƙara masa Makarantar Lahadi, a ƙara masa ƙungiyar samari, a kuma naɗa shi magatakarda. Yesu ya ga almajiransa ba su da zarafin cin abinci, shi da kansa ya ce su keɓe su huta. A Fitowa sura 18 kuma Yetro ya gargaɗi Musa ya raba aiki da amintattun mutane kafin ya gajiyar da kansa da jama'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iyayen da 'ya'yansu suke amfana da fili su riƙa karɓa-karɓa wajen raka yara gasa, dattawan ikilisiya kuma su tambayi matar malami kafin su ɗora wa mijinta sabon kaya.

Saboda haka, a farkon kowane zangon karatu, bari malami ya zauna da matarsa da kalanda a gabansu, su yi addu'a, su fara rubuta ranakun sujada, na gida da na ziyarar iyaye, sa'an nan a shigar da na wasa a sauran gurbin. Idan wata rana ƙauna ta bukaci a sauya tsarin, a sauya shi domin mutum, ba domin suna ba.

Ubangiji shi ba malamai hikimar sanin inda ya kamata su kasance, shi kiyaye fitarsu da shigarsu, shi kuma albarkaci gidajensu, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.