Ido, Hoto da Amana

Magabata sun ce gani ya kori ji. Da wannan karin magana suka ɗora ido bisa kujerar alƙali, suka bar kunne a matsayin mai kawo jita-jita. To, ina hukunci ya kwana idan aka gano raunin alƙalin, aka auna shi, aka kuma kafa sana'a sukutum a kansa?

Tun shekarar 1802 masanin nan na Ingila, Thomas Young, ya ce ido na gane launi ta kafofi uku kacal, daga baya bincike ya gaskata shi. Shi ya sa fuskar kwamfuta ke aiki da ƴan ɗige-ɗigen haske iri uku: ja, tsanwa da shuɗi. Ruwan ɗorawar da muke gani a kanta, ja ne da tsanwa suka haska tare, ido ya gauraya su. Haka nan majigi: hotuna 24 ne tsayayyu ke wucewa cikin daƙiƙa guda, mu kuwa sai mu ga doki na sukuwa. Tsarin matse hoto na JPEG, wanda aka tsayar a 1992, ya dogara da cewa ido ya fi lura da bambancin haske da duhu bisa ga bambancin launi, don haka ana zubar da abin da ba zai yi kewarsa ba, hoton ya yi sauƙin ajiya da aikawa.

Shin wannan algus ne? A ganina a'a. Mai algus shi ne wanda ya cika tiya da hatsi mai tsakuwa, ya lulluɓe da mai kyau, domin ya san da mai saye ya ga na ƙasan da ya fasa ciniki. Ma'aunin ke nan: abin da aka rage, da an gan shi, zai canza hukuncin mai kallo? In ba zai canza ba, ragin tattali ne.

Sai dai iyakar siririya ce. A 2013 wani Bajamushe, David Kriesel, ya gano cewa waɗansu injunan kwafin takardu na Xerox, wajen matse hoto, sukan musanya alƙaluma masu kama da juna, 6 ya koma 8. Takardar ta fito tsaf, ba alamar da za ta sa ido ya yi shakka. Hoton da ya dusashe yana gaya wa mai kallo ya yi hattara. Wannan kuwa ya ci amanarsa cikin tsabta.

Saboda haka nauyin yana wuyan wanda ya san raunin ido, domin mai kallo ba ya iya tuhumar abin da bai gani ba. Mu kuma masu kallo, ya kamata mu riƙa tambayar wa ya shirya mana abin da muke gani, me kuma ya zubar kafin ya miƙo mana.