Hatsin Rumbu ko Kayan Kirsimati?

Da zarar kaka ta yi, magidanci a Rijiyar Zaki da ƙauyukan kewaye yakan tsaya gaban tambaya guda: shin ya dace ya ɗebi gero da dawa zuwa kasuwar Dawanau domin ya ɗinka wa iyali kayan Kirsimati?

Sutura haƙƙin iyali ce. Hunturu ba ya tausayin yaro marar riga, kuma uban da ya tufatar da 'ya'yansa ya kare mutuncinsu. Amma da kaka hatsi yake araha. Buhun da aka sayar a Disamba, da tsada za a sake sayensa a Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. Wanda ya kwashe rumbu don maƙwabta su yaba atamfar matarsa, cikin 'ya'yansa ya jinginar.

Saboda haka a fara auna abincin shekara a ajiye. Da abin da ya saura a je Kantin Kwari tun Nuwamba, kafin yadi ya hau, aiki ya yi wa teloli yawa. In bai kai ba, babu abin kunya a gwanjon Ƙofar Wambai. Rigar da ta yi wa ɗanka kaɗan kuwa, akwai marayan da ke jiranta.

Allah ya ba mu wadar zuci. Amin.