Iskar da ke Cikin Ƙwallo

Da la'asar, idan rana ta yi sanyi a Zuba, kowane fili yakan sami masu shi. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Babban Birnin Tarayya suna nasu atisayen, yaran unguwa sun kafa duwatsu biyu a madadin raga, matasan tasha da na kasuwar kayan marmari su ma sun ajiye aiki sun ɗaura takalma. Dutsen Zuma, wanda hotonsa ke jikin takardar naira 100, yana tsaye can wajen Madalla. Idon 'yan wasa da na 'yan kallo duk a kan abu ɗaya yake. Abin mamaki, wannan abu da ake bi da ido tun daga busan farko har a tashi, da wuya a sami wanda ya taɓa ɗaukarsa ya dube shi da kyau.

To, a ɗauki ƙwallon a duba. Dokar wasa ta ƙayyade mata komai: kewayenta santimita 68 zuwa 70, nauyinta giram 410 zuwa 450. Irin wadda aka fi sani, mai baƙi da fari, wadda ta yi suna tun gasar cin kofin duniya ta 1970 a Meziko, ƙyallaye 32 aka harhaɗa, 12 masu kusurwa biyar, 20 masu kusurwa shida. Layin ɗinki 90 ne ke riƙe da su. A birnin Sialkot na Pakistan, inda suka shahara da ɗinkin ƙwallo da hannu, a baibai ake ɗinka ta, sai an kusa gamawa a juyo ta, saboda haka ƙullin zaren duk yana ciki, ba mai ganinsa. Daga cikin ɗinkin akwai blada ta roba mai ɗan baki inda ake soka allurar famfo. Cikin bladar kuwa ba komai sai iska.

Iskar nan ba ta wuce giram goma da 'yan kai ba. Ba a ganinta, kamfani ba ya buga sunansa a kanta, mai saye ba ya tambayar kuɗinta. Amma a sace ta a ga yadda wasa zai tsaya. Duk wanda ya taso da ƙwallon tsumma ya san wannan. Ta tsumma tana gangarawa, tana karɓar duka, har raga tana shiga, amma idan ta faɗi ƙasa ta faɗi ke nan.

Me ke faruwa a lokacin da ƙwallo mai iska ta daki ƙasa? Idan aka ɗauki hoton aka rage gudunsa, za a ga ba ta zama a mulmule. Gefen da ya taɓa ƙasa yakan lotse, ta koma mummuna, wurin zaman iskar ya ƙuntata. Allah kuwa ya halicci iska da wata ɗabi'a: gwargwadon yadda aka matse ta, gwargwadon yadda take turowa. Masanin nan Robert Boyle ya bayyana lissafin haka tun 1662. Iskar da aka matse ita ke tura lotsawar waje, ƙwallo ta dawo siffarta, ta yi sama. Duka wannan a cikin kusan kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa. Ashe ƙarfin da ya tashe ta ba daga wani wuri ya zo ba. Dukan da ya lotsa ta ne iska ta karɓa, ta riƙe, ta mayar. Sharaɗin guda ne: kada iskar ta sami ƙofar fita.

Akwai wani abin kuma. Hukumar FIFA tana gwada ƙwallaye ta hanyar sakin su daga tsayin mita 2 a kan faranti na ƙarfe. Mai kyau takan tashi wajen mita ɗaya da rabi. Babu wadda ke komawa mita 2 ɗin da ta baro, komai tsadarta, domin wani sashe na ƙarfin ya tafi a ɗumi, wani ya tafi a ƙarar da kunne ke ji. Kafin ta sake kaiwa can sai an ƙara mata wani bugun. Ƙasar da ta faɗa a kai ita ma da ruwanta a ciki. Jar ƙasa mai tauri ta rani tana mayar wa ƙwallo abin da ta kawo. Yashi da taɓon damina kuwa shanyewa suke yi, ƙwallo ta zauna daram ko da iskarta lafiya lau.

Yanzu a ce ƙungiyar ɗalibai ce, irin waɗanda ke neman gurbi a wasannin kwalejojin ilimi na ƙasa da ake kira NICEGA, ko masu kara wa juna tsakanin tsangaya da tsangaya. Gasa ta kai tsakiya, sai aka lallasa su da ci biyar da nema. Motar dawowa tsit, ba waƙa, ba tafi. Gola ya haɗa kai da gwiwa. Washegari a aji ana ɗaga musu yatsu biyar daga nesa, hotunan cin kuma suna ta yawo a wayoyi. Ga sauran wasanni a gaba, jadawali ba ya jiran mai jinya. Ƙungiyar ƙwararru tana iya sayo sababbin 'yan wasa, ta ɗalibai kuwa waɗanda ke gare ta su ke nan, ga lacca, ga jarrabawa, ga koyarwar gwaji da kan kwashe manyan aji. Wannan shi ne lokacin lotsawa, kuma a nan ake sanin abin da ke ciki.

Abin da aka saba yi a irin wannan rana shi ne a ruga a ɗauko famfo. Koci ya tara su ya yi faɗa, kyaftin ya yi jawabi mai ratsa zuciya, wani tsohon ɗalibi ya yi alkawarin tukuici, a ɗinko sababbin riguna. Kowa ya fita da zafi. A buga minti ashirin a wasa na gaba, ƙwallo ɗaya ta shiga raga, sai a ga kafaɗu sun sauka, an koma gidan jiya. An hura, amma ba a nemi hujin ba.

Masu faci da ke zaune a bakin manyan hanyoyin Zuba, ta Kaduna da ta Lokoja, sun fi kowa sanin wannan. Idan yaro ya kawo musu ƙwallo ya ce, "Oga, a sa mini iska," mai gaskiya a cikinsu yakan matsa ta ya ce, "Yaro, wannan tana sacewa, bari mu ga ta ina." Ya ɗan hura, ya tsoma ta cikin ruwa, ya dinga juya ta sannu a hankali, idonsa a kan ruwan. Ba ya gaggawa, ba ya zargin kowa. Can sai ga 'yan kumfa suna tasowa a jere daga wuri ɗaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan hujin na blada ne, sai an farke wani layin ɗinki an zaro ta, an busar, an kankare wurin, an shafa gam, an jira ya sha iska, sannan a manna faci, mai ɗinki ya mayar da zare. Sai bayan duk wannan famfo ke da amfani.

Ta wuri uku iska ta fi fita, kuma ukun duka suna da 'yan'uwa a cikin ƙungiya. Na farko ƙaya. Abu ne daga waje, ba laifin ƙwallo ba: abokin karawa ya fi ƙarfi, ko jan kati ya fito da wuri, ko mai tsaron baya ya ji rauni. Wannan shi ya fi sauƙin faci, a gane shi, a karɓa, a gyara. Na biyu baki. Inda ake zuba iska, ta nan take sulalewa idan ya saki, ba ƙara, ba alama, sai dai a kwana a tarar ƙwallo ta yi laushi. Haka maganganun bayan fage suke: 'yan gaba su ce gola ne ya sayar da su, 'yan baya su ce 'yan gaba ba sa dawowa, na benci su ce koci yana da 'yan lele. Bakin da ya kamata ya ƙarfafa shi ke zubarwa. Na uku ɗinki. Idan zare ya tsinke tsakanin ƙyalle da ƙyalle, blada takan leƙo ta wurin, ta kumbura, bugu ɗaya ta fashe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A nan akwai hikimar da ta cancanci a tsaya a kanta. Da ƙyallaye masu kusurwa shida kaɗai aka jera, har abada ba za su dunƙule ba, shimfiɗa za su yi ta yi. Masu kusurwa biyar ɗin nan 12, waɗanda suka bambanta da sauran, su ne ke tanƙwara shimfiɗar har ta rufe ta zama ƙwallo. Babu kuma inda biyu daga cikinsu suka taɓa juna, kowane an kewaye shi da waɗanda ba irinsa ba. Zuba gari ne na mahaɗa, ƙasar Koro da Gwari wadda Bahaushe da Ibo da Bayarabe da Tibi suka cika ta da kasuwanci da karatu. Ƙungiyar ɗalibai a irin wannan wuri dole ta haɗa harsuna da addinai da halaye. Ranar nasara ba mai tuna bambanci. Ranar da aka sha kashi ne kowa ke neman komawa gefen nasa, a nan zare ke tsinkewa.

Manyan ƙungiyoyi ma sun bi ta wannan hanya. Ranar 8 ga Yuli, 2014, Jamus ta ragargaji Brazil da ci 7 da 1 a gidanta, a Belo Horizonte. Bayan kwana huɗu Brazil ta fito neman matsayi na uku da Holan. Kafin minti 20 an zura mata biyu, aka tashi 3 da nema. Taken ƙasa da ihun 'yan kallo ba su toshe komai ba.

Najeriya kuwa, a wasanta na farko a gasar cin kofin Afirka ta 1990, Aljeriya mai masaukin baƙi ta ci ta 5 da 1. Clemens Westerhof ne koci, tawagar kuma akasari 'yan wasan gida ne, cikinsu har da matashi Daniel Amokachi daga Kaduna. A lura da abin da ya biyo baya. Ta ci Masar 1 da nema, ta ci Kwaddibuwa 1 da nema, ta ci Zambiya 2 da nema, Rashidi Yekini yana zura ƙwallo a kowane wasa. Ragar da ta sha biyar a dare ɗaya ta yi wasa uku ba a taɓa ta ba. A wasan ƙarshe aka sake haɗuwa da Aljeriya, ta ci 1 da nema, ta ɗauki kofi. An tashi, amma ba a kai mita 2 ba. A 1992 Najeriya ta zo ta uku a Senegal. Sai a 1994 a Tunisiya, da wannan kocin dai, ta doke Zambiya 2 da 1 ta ɗaga kofin.

Kwaddibuwa ita kuma wata hanyar ta bi. A Janairun 2024, tana karɓar baƙuncin gasar, Equatorial Guinea ta ci ta 4 da nema. Aka sallami koci Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa, mataimakinsa Emerse Faé ya karɓa. Da ƙyar ta tsallake rukuni, shi ma don Maroko ta ci Zambiya. Daga nan ta fitar da Senegal da Mali da Kongo, ta kuma ci Najeriya 2 da 1 a Abidjan ranar 11 ga Fabrairu. Wata ƙungiya ta riƙe kocinta ta warke, wata ta sauke nata ta warke. Ke nan magani ba ɗaya ba ne, inda kumfa ya fito can ake manna faci. Rabo kuma yana hannun Allah, amma yakan tarar da wanda bai watse ba.

Yawan iska shi ma cuta ne. Ƙwallon da aka cika fiye da ƙima tana guje wa ƙafa, ba ta tsayawa inda aka aike ta, idan kuma ta daɗe a rana iskar ta ƙara buɗewa, ɗinki ya ji jiki. Shi ya sa doka ta sa wa iska iyaka ta ƙasa da ta sama. Sau da yawa ƙungiyar da aka ci biyar, yabon makonnin baya ne ya fasa mata kai. Jama'ar makaranta kuma su ne ƙasar da ake faɗawa a kai. Idan suka tsaya da ƙarfi, suka faɗi gaskiya, suka kuma cika fili a wasa na gaba, sun mayar wa ƙungiya ƙarfinta. Idan gori da dariya kaɗai ke gare su, sun zama taɓo.

Yawancin waɗannan ɗalibai ba ƙwallo za su ci abinci da ita ba. Alli za su riƙe. Wata rana yaro zai zo gabansu da sifili a lissafi, ko iyaye su kawo ɗan da ya faɗi jarrabawa sau biyu. Bulala famfo ce, kirari ma famfo ne, dukansu sun fi sauƙi a kan zama a binciko inda karatun ya fara zuba, ko a gida ne, ko a ido, ko a wani darasi na aji uku da ya wuce shi. Haka ɗan kasuwar da motar lemunsa ta ruɓe a hanya, ya ranto kuɗi ya sake lodi bai tambayi abin da ya ɓata na farko ba. Malamin da ya taɓa shan biyar da nema, ya zauna da abokansa suka farke ɗinki suka gyara, ba zai yanke wa yaro hukunci da faɗuwa ɗaya ba, ba kuma zai nemi ya zo na ɗaya a zango mai zuwa ba. Zai nemo hujin tukuna, ya toshe, sannan ya hura daidai gwargwado.