Gatari da Toho



A cikin Attaura, littafin Kubawar Shari'a sura ta 20, akwai dokar da aka ba Bani Isra'ila game da yaƙi. In sun yi wa gari ƙawanya, komai daɗewarta, ba su da izinin sa gatari a itacen da ke ba da 'ya'ya. Su ci 'ya'yansa, su bar shi tsaye, domin itace ba shi ne abokin gabarsu ba. To in a fagen fama, inda rai ke hannun Allah, an riƙe hannun soja, ina ga manomin da ke zaune lafiya a gonarsa?

Malaman Yahudawa ba su tsaya kan itace kaɗai ba. Musa ɗan Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya lissafa fasa kayan gida, yaga tufa, toshe idon ruwa da lalata abinci don ɓarna duk a ƙarƙashin wannan hani. Likita ne shi, ya san inda ruwan gari ya lalace, cuta ba ta da nisa.

Mu a ƙasar Maraɗi mun ga abin da ido. An yi zamanin da ake auna ƙwazon manomi da gonar da aka share ƙal, ba ko toho. Sai iska ta riƙa binne shuka da rairayi, mata suna dogon tafiya neman itacen girki, har kara da kashin shanu suka koma makamashi, taki ya ƙare a murhu. Wajen 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ke gonaki ba su mutu ba, saiwarsu na nan da rai. Ba sai an kawo dashe daga nesa ba: a zaɓi toho mai ƙarfi, a rage sauran, a kare shi daga awaki. Yunwar 1984 ta sa mutane suka saurara. Aka kira wannan dabara sassaben zamani, ko da yake kakanninmu sun san barin gawo a gona tun da daɗewa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa itatuwa sun dawo a kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

Lafiyar gari a nan take ɓoye. Gawo yakan zubar da ganye da damina ya ba gero rana, da rani ya ciyar da akuyar da yara ke shan nononta. Kuka ta ba da miya, magarya da aduwa su toshe bakin yunwa.

Ɗan'uwa mai fita sassabe daga Ɗan Issa, ko mai nufin dajin Baban Rafi da amalanke, na san tukunya ba ta dahuwa da wa'azi. Attaurar ma ta yarda a sari itacen da ba ya 'ya'ya in buƙata ta kama. Sari reshe, ka bar gindi. Allah Ya yi wa hannunka albarka, Ya ba mu damina mai kyau.