Wa Ya Isa Ya Kama Ɓarawon Intanet?

A watan Agusta na 2025, wani ɗan majalisar wakilan Amurka, David Schweikert na jihar Arizona, ya gabatar da shirin doka domin shugaban ƙasa ya iya ba mutane da kamfanoni masu zaman kansu takardar izini su bi 'yan damfarar intanet har ƙasashen waje, su kama su, su ƙwace dukiyarsu. Dalilinsa ba ƙarami ba ne. Ƙararrakin da aka kai wa hukumar FBI a 2024 sun nuna asarar fiye da dala biliyan 16, ɗan sandan Amurka kuwa ba shi da ikon kama kowa a Kambodiya. Gwauruwar da aka wawashe ajiyarta ta tsufa tana da hakki a bi mata sawu.

Amma irin wannan takarda tsohuwa ce, an kuwa san halinta. Sarakunan Turai sun sha ba masu jiragen ruwa ita. A 1696 William Kidd ya tashi daga Ingila da izinin sarki ya farauci 'yan fashin teku. A 1701 aka rataye shi a London, cikin laifofinsa har da fashin teku. Manyan ƙasashen Turai suka soke al'adar a Paris a 1856, Amurka dai ba ta sa hannu ba.

Wanda ladansa yake fitowa daga abin da ya ƙwace, shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne kuma magaji. Da wuya irin wannan mutum ya sami wanda ake tuhuma ba shi da laifi. Sa'ad da Manzo Bulus ya yi wa Romawa maganar takobin hukunci, a hannun mai mulki ya ajiye shi, bayan ya gama hana su ramuwa. Ba cewa masu mulki tsarkaka ne ba, gama Nero ne yake sarauta a lokacin. Amma hukuma tana da suna da mazauni, akwai inda za a kai kukanta. Mai neman riba da aron takobi fa, wa zai tuhume shi in ya sari marar laifi?

Kuskure kuwa yana da sauƙi ƙwarai, domin ɓarawon intanet ba ya fitowa daga ɗakinsa. Yakan bi ta kwamfutar wani asibiti ko makaranta, mai ramuwa ya zo ya rushe ta.

Ko an kai ga gidan damfarar ma, wa za a tarar? A 2023 ofishin kare hakkin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da rahoton cewa mai yiwuwa aƙalla mutum 120,000 ne a Myanmar, da wajen 100,000 a Kambodiya, ake tilasta wa wannan aiki. An yaudare su da alkawarin aikin ofis, aka karɓe musu fasfo, wanda ya kāsa kawo kuɗi a doke shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ran da mai takardar izini ya fasa ƙofa, su zai fara tararwa zaune gaban kwamfuta, maigidan kuwa yana wata ƙasa.