Maigida a Ƙarƙashin Mota

'Yar uwa, akwai tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai. In maigida ya ɗauko sifana ya ce shi zai gyara motarsa da kansa a ƙofar gida, tattali yake yi ko ganganci? Kuma ke da kike cikin gida, kina da bakin magana ko babu?

Ni dai ba na cikin masu yi wa irin wannan miji dariya, balle in kira shi marowaci. Mu nan Rawayya, in mota ta yi ciwo mai nauyi, sau da yawa sai an dangana da Gusau, ga kuɗin bakanike, ga na kayan gyara, ga wuni guda ya tafi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ita kanta tafiyar zuwa gareji kuɗi ce. To mutumin da ke duba baƙin mai da ruwan lagireto kafin ya fita, ya goge kan batir, ya kakkaɓe ƙurar hunturu daga matatar iska, ya canza fulogi, ai kuɗin cefanenki yake tsarewa. Wannan ki sa masa albarka, ki ajiye masa sabulu da ruwan ɗumi.

Sai dai mazanmu da yawa a jikin Fijo 504 suka ga iyayensu suna kanikanci, wadda a da ake harhaɗawa a Kaduna, motar da komai nata a fili yake. Ta yanzu kuwa kwamfuta ce a cikinta, wani ciwon sai an jona mata na'ura kafin a san shi.

Ga inda nake ganin iyakar take. Akwai gyaran da in ya ɓaci, aljihun mai shi kaɗai zai ji a jikinsa: rediyo, fenti, hannun ƙofa. Akwai kuma wanda in ya ɓaci, rayukan mutane ne a kai, wato birki da sitiyari da taya. Ɗauki birki. Mai ne ke bin siraran bututu ya matse ƙafafun mota, in iska ta shiga bututun sai a taka a ji laushi kamar soso, mota kuwa tana ta tafiyarta. Har labari ake ji wai wasu ruwan Omo suke zubawa in man ya ƙare. Ruwa kuwa in birki ya ɗau zafi tafasa yake yi, ya bar direba da salati. Haka mai ƙara wa mota ƙarfe a baya don ta ɗauki buhunan masara fiye da ƙima. Bayan ya ƙara ƙarfi, amma birkin na nan yadda kamfani ya auna shi.

Zai ce miki, "Motata ce, da kuɗina na saya." Gaskiya ne. Amma hanyar Bunguɗu tasa ce? Yarinyar da ke tsallaka titi da farantin talla an yi shawara da ita? In abu ya faru sai a ce ƙaddara, alhali tun a tsakar gida aka ga birkin na tsiyaya. Kuma kowa ya san a shekarun nan hanyar Tsafe zuwa Funtuwa ba wurin da ake fatan mota ta mutu ba ne, balle da mata da yara a ciki.

Shi ya sa nake cewa kina da bakin magana, tunda ke da 'ya'yanki ne a kujerar baya. Ba a gaban abokansa ba, ba kuma yana ƙarƙashin mota gumi na zuba ba. Bari sai ya ci ya huta, ki ce, "Baban Amira, don Allah birkin nan a kai wa masu shi su duba." In ya ce me kika sani game da mota, to ga kaɗan. A gefen kowace taya akwai lambobi 4, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In kin ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019, ko da zanenta bai suɗe ba ta tsufa. Ba a buɗe lagireto da zafi. Ba a shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, sai an tokare da katako mai kauri. Tsohon baƙin mai da ruwan batir kuwa a kawar da su daga inda yara ke rarrafe, galan ɗin fetur ya yi nesa da murhu.

Na san abin da zai fake da shi: ai makanikan ma cuta suke yi. Wasu kam suna yi, a sa maka tsohon kaya a karɓi kuɗin sabo. To a nan ne ɗan sanin nasa zai yi rana. Ya tsaya a kansu har a gama, ya ce a ba shi abin da aka cire ya gani da idonsa, sannan ya gwada birkin shi kaɗai kafin ya zo ya ɗauke ku.